Motar jigilar baburan tsere: yadda ake sayen ta hannu a Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayar da ka yi mini a kan motar da ka gani a hoto, da kuma batun ko zan iya aiko maka da irinta.

Motar ba tawa ba ce ni kaɗai. Karo-karo muka yi da wani Bature abokin aikina a nan Bamingaham, mai tseren babur a ƙarshen mako. Shi ke hawa, ni ke ɗaure sifana, don abin da na koya a gareji a gida shi ne jarina a nan. Baburan tseren ba su da lamba, ba fitila, ba madubi, doka ba ta yarda su taka titi ba. Dole a loda su a mota a kai su fili, ko Mallory Park da Donington Park da ke kusa da mu, ko Cadwell Park can Linkonshaya, inda sai mun kwana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake fara duba mota tun kafin a gan ta. A gida ka san tsarin: ka tafi da makanikenka, a tayar da inji, ya kasa kunne, ya leƙa salansa ya ga ko tana hayaƙi, dillali yana gefe yana rantsuwa cewa wata tsohuwa ce ta hau ta a Beljiyam. A nan duk motar da ta kai shekara 3 sai an yi mata gwajin lafiya kowace shekara, wanda suke kira MOT, kuma sakamakon yana shafin gwamnati kyauta. Lambar mota kawai za ka rubuta a waya, sai tarihinta ya fito: shekarar da ta faɗi gwaji, abin da ya kayar da ita, gargaɗin da mai gwajin ya rubuta, da yawan mil ɗin da ta ci a kowace shekara. In an mayar da mita baya, lissafin zai tona asiri. Kuɗin gwajin bai wuce fam 54.85 ba ga irin tamu, manyan kuma fam 58.60. Wallahi wannan tsarin ina yi wa gida kwaɗayinsa. Akwai kuma binciken da ake biya ɗan kuɗi a gano ko akwai bashin banki a kan motar, ko ta sata ce, ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin ba ta gyaruwa. Rabin motocin da muka sa wa ido a waya muka watsar da su, ba mu ƙona ko digon mai ba.

Sai tsatsa, wadda ita ce ajalin mota a ƙasar nan. Da sanyi ana watsa gishiri a tituna don ƙanƙara, gishirin nan ya manne a ƙarƙashin mota ya yi ta ci. Mun je ganin wata doguwar fara a wurin wani mai aikin famfo. Fenti yana ƙyalli, inji lafiya lau, da a Kano ne da tuni an yi sallama. Na shimfiɗa kwali na kwanta da tocila, na danna sukundireba a ƙarfen da ke ƙasan ƙofar gefe, sai kawai ta shige, garin tsatsa ya zubo mini a fuska. Kyan ɗan maciji ke nan. Na san za ka ce ai mai walda zai like ta da yamma ɗaya. To a nan awa ake lissafa wa makanike da mai walda, har da haraji a kai, kuma sai ka jira ranar da suka ba ka. Gyaran da za a gama maka a Ƙofar Ruwa kafin la'asar, kana zaune a benci kana shan lemo, a nan yana iya fin kuɗin motar. Shi ya sa suke zubar da motar da injinta ke da sauran shekara goma. A wannan fannin mun fi su nesa ba kusa ba, kuma abokin nawa ya sani, tunda bai ƙara biyan kowa kuɗin canza birki ba.

Sunayen motocin suna da yawa, amma in ka duba da kyau 'yan gida ɗaya ne. Fiat Ducato da Peugeot Boxer da Citroën Relay mota ɗaya ce da tambari uku, kuma Boxer ɗin ita ta gaji J5 ɗin nan da ke ɗauko tumatir da albasa, tun 1994. Vauxhall Vivaro ta kafin 2019 da Renault Trafic su ma haka. Ford Transit ita ce ta ko'ina, kayan gyaranta a kowane lungu. Sai dai sababbin, masu injin EcoBlue na daga 2016, bel ɗin taimin ɗinsu cikin baƙin mai yake gudu, don haka duk mai saye tambayarsa ta farko ita ce yaushe aka canza shi, ina rasit. Volkswagen Transporter kuwa masu yawon shaƙatawa sun tsadantar da ita, ko kallonta ba mu yi ba.

Ni Mercedes Sprinter na so, doguwa mai dogon rufi, wadda mutum zai miƙe tsaye a ciki ya canza kaya, ya shimfiɗa katifa a gefen babur. Amma mota ce da za ta yi kwana biyar a ƙofar gida kafin ta yi biyu a fili. Layinmu matsattse ne, kuma wuraren ajiye mota da yawa an gitta musu ƙarfe a tsayin kusan mita 2. A ƙarshe Vivaro doguwa muka ɗauka, ƙirar 2017. Tsayinta bai kai mita 2 ba, cikinta kusan mita 3, tana ɗaukar sama da tan ɗaya. Babur mai inji cc 600 bai cika kilo 200 ba, to biyu ba komai ba ne wajen nauyi. Faɗi ne matsalar. Sai mun tura ɗaya ya shige gaba sosai, ɗayan ya ɗan tsaya baya, don kada kawunansu su gogi juna. Kowanne tayar gaba a cikin maƙalin ƙarfe da muka ɗaure a daɓe, igiya mai ƙugiya ta ja shi ƙasa ta dama da hagu. Sauran wurin kuma tayoyin ruwan sama, bargunan lantarki na ɗumama taya, ƙaramin janareto, jarkokin fetur da akwatin sifanu. Ni a kujerar gaba nake kwana, a naɗe.

Shekarar ƙirar ba don ado muka zaɓe ta ba. Tun watan Yuni 2021, motar dizal da ba ta kai matakin hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 8 duk ranar da ta shiga tsakiyar Bamingaham. A Landan fam 12.50 ne, kuma tun Agustan 2023 abin ya game duk unguwannin birnin. Ba ɗan sanda, ba mai tsayar da kai, kyamara ce ke ɗaukar lamba, in ba ka biya ba takardar tara ta same ka a gida. Motocin kaya na kafin ƙarshen 2016 yawanci ba su tsallake ba, shi ya sa suke arha, kuma araha ba ta ado. Ita ma mai tsallakewar da nata: sai an riƙa zuba mata wani ruwa da ake kira AdBlue, kuma matatar hayaƙinta tana toshewa in kullum gajeriyar tafiya ake yi. Tafiyar Cadwell ce maganinta.

Ciniki a nan ba daɗi. Ka taya ƙasa sosai, sai mai mota ya ɓata rai ya rufe ƙofa, ba albarka ba komai. Sannan a kula da farashin motar kaya, don sau da yawa ba a haɗa harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari ba, sai wajen biya ka ji kuɗi ya tashi. Mun sayi tamu a hannun dila duk da ya fi tsada, saboda dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da mota in ta fito da aibi. In daga hannun mutum ka saya a ƙofar gidansa, wannan damar ba ka da ita. Lasisin ƙaramar mota ya isa tuƙa ta, tunda ba ta haura kilo 3,500 ba, amma gudunta a kan hanya mai falle ɗaya mil 50 ne, ba 60 ba kamar ƙananan motoci.

Batun aiko maka, Yaya, a yi haƙuri a bar shi. Sitiyarin motocin nan a dama yake. Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, kuma an hana shigo da masu sitiyarin dama. Na san akwai masu juya sitiyari, amma ba zan ɗora ka da kaya a kan motar da aka yanke aka like ba. In Allah ya hore, nemi wadda ta fito daga Jamus ko Beljiyam, Boxer ko Ducato, tunda makanikanmu sun san danginsu. Su ma can ana watsa gishiri, don haka ka sa yaro ya shiga ƙarƙashinta da tocila kafin a fara maganar kuɗi.

A gaishe da Inna da su Yaya Babba da yara duka.