Matoshin kunne mai mataci: yana taimaka wa hira cikin hayaniya, amma da sharaɗi

A gidan cin abinci mai cunkoso, ko zauren liyafar da aka ƙure lasifika, bakin abokin hira na motsi, muryarsa na iso ka, amma kalmomin sun narke cikin ƙarar cokula da kiɗa da surutun teburin gefe. A kan wannan matsalar ce kamfanoni irin su Loop da Etymotic da Alpine suke tallata matoshin kunne mai mataci, wato wanda ba ya toshe kunne ruf, yana da 'yar kafa a tsakiya da ke barin sauti ya wuce a rage. Alkawarin da ake yi shi ne hayaniya ta ja baya, magana ta fito fili. Rabinsa gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa sai an yi masa bayani.

Matoshin da ba shi da batir bai san bambancin muryar mutum da ƙarar faranti ba. In ya rage hayaniya da desibel 16 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), muryar wanda ke gabanka ma ya rage ta da kusan haka, tazarar da ke tsakaninsu tana nan yadda take. To ina amfanin? Amfanin yana cikin kunnen kansa. Katantanwar da ke can ciki, wadda ke rarrabe sautuka, ta fi ƙwarewa a matsakaicin ƙarfi, kuma hirar yau da kullum wajen desibel 60 ce a nisan mita guda. Da zarar ƙara ta haura 85, sai ta fara cakuɗa abubuwa, kakkauran sauti ya danne siriri, kamar rediyon da aka ƙure har muryarsa ta shaƙe. Sauke komai da desibel 15 zuwa 20 yana mayar da kunne inda zai iya aikinsa. Shi ya sa mai lafiyayyen ji yakan fi gane magana da matoshi a wuri mai tsananin ƙara. Inda hayaniya ba ta wuce 70 ko 75 ba, ba ya ƙara fahimta, wani lokaci ma rage ta yake yi. Abin da ake samu a irin wannan wurin sauƙin gajiya ne kawai, ko da yake ga wanda hayaniya ke sa wa ciwon kai wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Sanin ƙarfin ƙarar wuri ba ya buƙatar na'ura. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nisan hannu guda ya ji ka, kun kai wajen 85. A ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, awa 8 ce iyakar zama cikin desibel 85 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: awa 4 a 88, awa 1 a 94, minti 15 kacal a 100. Ka ga a zauren kiɗa, ko ba don hira ba, matoshi ya biya kuɗinsa.

Matoshin soso, irin wanda ake murzawa a cusa, shi ne ya fi dacewa da barci da aikin injina, shi ne kuma ya fi ɓata hira. Dalili kuwa yana cikin yadda magana take. Wasula suna da ƙarfi, kuma suna ɓangaren kakkauran sauti. Baƙaƙe irin su s, sh, ts da f raunana ne, suna can sama, daga kaɗawa 2,000 a daƙiƙa zuwa abin da ya haura 4,000. Soso ya fi cin siririn sauti nesa ba kusa ba. Sai ka ji karin murya da wasula rangaɗau, amma "sara" da "shara" da "tsara" da "fara" duk su zame maka abu ɗaya. Akwai kuma wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Ramin kunne, mai tsawon kusan santimita biyu da rabi, bututu ne da ke ƙara wa sauti ƙarfi da kansa, wajen desibel 15 a kusa da kaɗawa 2,700, daidai inda baƙaƙe suke. Ana toshe shi wannan ƙarin ya tafi. Aikin mataci nagari shi ne ya mayar da abin da aka rasa, domin ragin ya zo daidai tun daga ƙasa har sama, sauti ya zama kamar an rage murya ne kawai ba an lulluɓe kai da bargo ba.

A nan ne ER20XS na Etymotic ya yi zarra cikin waɗanda ake saya a shirye. Yana rage wajen desibel 20 kusan daidai a ko'ina idan ya zauna da kyau, kuma bakinsa mai lema uku yana shiga can ciki. Magana na fitowa da kaifinta. Illarsa ita ma daga zurfin take: mai ƙaramin ramin kunne yakan fara jin matsi bayan awa ɗaya ko biyu, kuma desibel 20 sun yi yawa ga gidan cin abincin da hayaniyarsa matsakaiciya ce. Na zauren kiɗa ne da taron da ake magana cikin ihu.

Loop, kamfanin ƙasar Beljiyam, shi ne ya mayar da matoshi abin ado, da zobensa mai kama da ɗan kunne. Samfura uku ne aka fi sani, kuma mutane da yawa suna sayen wanda ba nasu ba. Quiet, mai desibel 24, roba ce zalla ba kafa, don haka a cire shi daga lissafin hira. Experience, mai 17, don kiɗa aka yi shi. Engage, mai 16, shi ne aka ƙera domin magana. Ya zo da baki girma huɗu, yana da daɗin sawa na tsawon lokaci, kuma ba wanda zai tsaya tambayarka lafiya. Tsabtar sautinsa ba ta kai ta Etymotic ba, amma a teburin mutum shida cikin hayaniya ya fi shi dacewa saboda raginsa bai yi tsanani ba. Wasu samfuran suna zuwa da 'yar robar da ake maƙalawa cikin zoben don ƙara ragi; a ajiye ta sai an fara kiɗa, domin tana dusashe magana. MusicSafe Pro na Alpine kuwa ya zo da mataci iri uku da ake sauyawa, na desibel 16 da 19 da 22, kuma na 16 ɗin ne na hira. Ƙanana ne ƙwarai, wanda ya ce zai sauya su cikin duhu zai koma gida da guda ɗaya.

Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. SNR ma'aunin ragin ƙara ne na Turai, NRR na Amurka, kuma matoshi ɗaya yakan fito da lamba mafi girma a na Turai. ER20XS ɗin da ke rage wajen 20, abin da aka rubuta masa a NRR bai wuce 13 ba. Abin dubawa a kwalin Turai shi ne haruffa uku, H da M da L, wato ragin siririn sauti da matsakaici da kakkaura. Iya kusancin lambobin uku, iya yadda magana za ta fito da kamanninta. In H ta yi wa L fintinkau, soso ne cikin sabuwar riga.

Ƙorafin da ya fi sa mutane jefa matoshi a aljihu ba jin wasu ba ne, jin kai ne. Muryarka tana bi ta ƙashin muƙamuƙi ta girgiza bangon ramin kunne. Da kunne a buɗe sautin ficewa yake yi, da an toshe kuwa sai ya koma ciki, ka ji kamar kana magana cikin tulu, tauna da haɗiya ma su zama tashin hankali. A wurin cin abinci wannan babbar matsala ce, kuma babu matoshin da ya kawar da ita gaba ɗaya, duk abin da talla za ta ce. Abu biyu ke rage ta: kafa mai faɗi, ko zurfin shiga har kusa da ɓangaren ƙashi, inda bangon ba ya girgiza sosai. Engage ya bi hanya ta farko, Etymotic ta biyu. Matsalar kuma tana da 'yar uwa. Tun 1911 likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan ya ji hayaniya. Mai matoshi yana jin hayaniya ta ragu, muryarsa ta ƙaru, sai ya sassauta, abokan hira su shiga cewa "me ka ce?" Dole ya riƙa magana da ƙarfin da shi zai ji kamar ya wuce kima.

Wajen sawa, ka zagaya ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya domin ramin ya miƙe, ka tura matoshin kana ɗan juya shi. Ka ce "mmm": in ya zauna daidai a duka biyun, sautin zai tsaya a tsakiyar kai, in ya karkata gefe to akwai yoyo. Ba dole kunnuwa biyu su zama girma ɗaya ba, babu laifi a sa matsakaici a dama, ƙarami a hagu. A sa tun kafin a shiga, a ba ƙwaƙwalwa minti goma zuwa sha biyar ta saba. Yawancin masu yanke hukuncin "ba ya aiki" a minti biyun farko suka yanke shi. Kuma a sa duka biyu, domin da kwatanta abin da kunnuwa biyu suka ji ne ƙwaƙwalwa ke tsamo murya ɗaya daga cikin goma. Wajen cirewa a juya a hankali, fizga tana jan dodon kunne. Bakin robar ana wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, amma matacin ba ya son ruwa, dattin kunne kuma in ya toshe ragarsa sai matoshin ya koma na barci.

Mai zuwa irin waɗannan wurare kowane mako ya fi dacewa da wanda ake aunawa a kunnensa wurin masanin ji. Etymotic ya fito da irinsa na makaɗa tun 1988, kuma ana samunsa da mataci na desibel 9 da 15 da 25. Na 9 ko 15 ne na hira, kuma a nemi awon ya wuce lanƙwasa ta biyu ta ramin kunne, in ba haka ba muryar tulu za ta dawo.

Akwai wanda bai kamata ya saya ba sam. In kana jin magana lafiya a ɗaki shiru amma kana ɓacewa da an shiga taro, musamman in shekaru sun fara ja ko kunne na yawan kuka, mai yiwuwa siririn jinka ne ya fara raguwa. Matoshi zai ƙarasa ɗan abin da ya saura na baƙaƙe, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Gwajin ji ne mataki na farko, domin na'urar taimakon ji mai makirufo da ke fuskantar gaba ita ce ke iya ƙara tazarar magana da hayaniya. Wanda kuma ƙara ke firgita shi kada ya mayar da matoshi rigar kullum, yawan sa shi a wuri shiru yana ƙara wa kunne tsarguwa.

Ko da matoshi a kunne, wurin zama yana yin abin da shi ba zai iya ba. Rage nisan da ke tsakaninka da mai magana zuwa rabi yana ƙara wa muryarsa wajen desibel 6 ba tare da hayaniyar ɗakin ta ƙaru ba. Ka nemi kusurwa nesa da lasifika da ƙofar kicin, inda haske ke sauka a fuskar abokin hira, domin leɓe yana nuna f da m da b ɗin da kunne ya rasa.