Napoli ko Atina: Wane Kufai Za Ka Zaɓa, Kuma Me Za Ka Ci a Can?

Wanda ya ware kwana uku ko huɗu domin ganin kufan mutanen dā a kudancin Turai, yawanci zaɓinsa bai wuce Atina ta ƙasar Girka ko yankin Napoli na Italiya ba. Bizar Schengen ɗaya ce ke shigar da mutum ƙasashen biyu, amma ana nemanta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, saboda haka sai an tsayar da shawara tun kafin a cike takarda.

Abin da Atina ke tinƙaho da shi shi ne Akropolis, tudun da ke tsakiyar birnin, inda aka fara gina haikalin Parthenon a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa. Ginin ya taɓa zama coci, ya kuma zama masallaci a zamanin mulkin Turkawa, har zuwa 1687 da harsashin igwar sojojin Venice ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki. Tun watan Afrilun 2025 kuɗin shiga Yuro 30 ne, ana sayen tikiti da ƙayyadajjen lokaci, kuma gidan tarihin da ke gindin tudun tikitinsa daban ne. Awa biyu sun isa a zagaye saman. Babu inuwar kirki, duwatsun marmara kuwa sun yi sulɓi saboda sawun jama'a, don haka takalmi mai santsi ba na wurin ba ne.

Napoli kuwa garuruwa biyu take bayarwa, Pompei da Herkulaniyum, waɗanda dutsen Vesuvius mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya. Pompei gari ne sukutum mai faɗin kusan hekta 66, wanda yini guda ba ya isar mutum ya gama shi. A kan titunansa ana ganin kwarin da ƙafafun amalanke suka ci a jikin dutse, da manyan duwatsun da masu tafiya ke takawa su tsallaka idan ruwa ya cika hanya. Akwai shagunan sayar da dafaffen abinci masu yawa, kowanne da kanta mai ramuka inda aka kafa randuna, tamkar rumfar mai abinci a bakin tasha. Herkulaniyum ƙarami ne, awa biyu zuwa uku sun wadatar, amma ya fi kyawun adana, domin har katakon rufi da benaye sun tsira, kuma a rumfunan jiragen ruwa na tsohuwar gaɓa an gano ƙwarangwal kusan 300 na mutanen da suka fake a wurin. Jirgin ƙasan Circumvesuviana mai zuwa Sorrento yana tsayawa kusa da kowannensu. A ganina, mai son sanin yadda talaka ya rayu ya nufi Napoli, wanda kuma ke tafe da dattijo ko yara ƙanana ya fifita Herkulaniyum a kan Pompei.

Batun abinci shi ne inda Musulmi zai fi buɗe ido. A Girka, gasasshen naman da ake yankawa a naɗe cikin gurasa, wato gyros, galibi na alade ne, sai an ce na kaza ake so. Mai kaffa-kaffa da yanka ya tsaya ga gasasshen kifi, da farin wake da ake gasawa cikin miyar tumatir mai suna gigantes, da salak na tumatir da zaitun da cuku. A Italiya tarkon ya fi ɓoyuwa: taliyar carbonara da amatriciana da naman alade ake yinsu, wasu kayan fulawa na Napoli ana kwaɓa su da kitsensa, wanda suke kira strutto, kek ɗin nan babà kuma a cikin barasa ake jiƙa shi. Abin da ya fi kwanciyar hankali, kuma ya fi araha, shi ne fiza marinara ko margherita, wadda Napoli ce mahaifarta.

A ƙasashen biyu, gidan abincin da ke daf da ƙofar kufai, mai ɗan kira a bakin hanya da hotunan abinci a allo, shi ya fi tsada, kuma ba kasafai girkinsa ke kai kuɗinsa ba. Tafiyar minti goma cikin unguwa takan sauya lissafi. A Italiya za a ga ƙarin kuɗi mai suna coperto a takardar biya, wanda ake ɗorawa kowane mutum saboda zama da burodi, ba cuta ba ce, al'adarsu ce. Kifi kuwa sau da yawa da awo ake sayar da shi, a Girka da kilo, a Italiya da giram 100, don haka a nemi a auna a faɗi kuɗin kafin a ɗora shi a wuta. Yawancin gidajen abinci na Italiya ba sa buɗewa domin abincin dare sai wajen ƙarfe bakwai da rabi, wanda ya fito daga Pompei da la'asar sai ya tanadi abin taɓawa a jaka.