Manyan kantunan zamani na Sakkwato: sanyi da rasit kake saye

Duk wanda ke bin Ahmadu Bello Way ko titin Maiduguri ya san irin kantunan nan: ƙofar gilas, mai gadi ya karɓi jakarka ya ba ka lamba, ka ɗauki kwando, farashi na manne a jikin kanta, babu tayi balle a ce maka albarka. Wanda ya saba da Ado Bayero Mall na Zoo Road a Kano ko Jabi Lake Mall na Abuja zai ga namu ƙanana ne. Amma girman gini ba shi ne abin dubawa a nan ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ƙarin kuɗin da kake biya na sanyi ne, don haka sanyin za ka fara bincika.

Wuce kai tsaye wurin firji. Ɗaga ledar kaza: in ka ga jan ruwa ya daskare a ƙasan ledar, ta taɓa narkewa aka sake daskarar da ita, ajiye musu abinsu. Robar yogot da ta kumbura ta fara tsami. Cakulan da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, mansa ne ya narke ya sake kamawa. Ba ya cutarwa, amma bai kai kuɗinsa ba. Sanadin duka ɗaya ne: a ɗauke wuta da dare, a kashe janareta don tsimin man dizal, da safe a kunna kamar ba a yi komai ba. Ba laifi ba ne ka tambayi ma'aikacin, "Malam, firjin nan a kan me yake kwana, inji ko sola?" Kantin da ke da sola ba ya jinkirin amsawa. Kayan sanyi su zama na ƙarshe da za ka ɗauka, kuma ka zo da kula mai riƙe sanyi in gidanka da nisa kamar Arkilla, don cikin mota a rana tanda ne.

Turare da man shafawa ma a nan ya fi dacewa a saya, amma ban da wanda aka jera jikin gilas yana shan rana. A ɗauko maka na ciki, ka gwada lambar da ke gindin kwalba da ta jikin kwali, su zo ɗaya. Madarar jarirai kuwa, lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin komai, musamman in an yi mata ragi mai yawa.

Sashen yadi sai a hankali. Fitilun kanti na canza launin shadda, fara ta koma kamar ruwan madara. Fita da ita bakin ƙofa ka gani a hasken rana, a auna a gabanka: yadi 5 na kaftani da wando, 10 in da babbar riga, atamfa turmi yadi 6. Da almakashi ya shiga, ba a mayarwa.

Wurin biya ne ake yawan samun matsala. Wani lokaci farashin jikin kanta tsoho ne, na kwamfuta sabo, saboda haka karanta rasit kafin ka bar gaban mai kuɗi. In POS ya ce bai shiga ba alhali an cire maka, karɓi 'yar takardar da ya fitar, ita banki zai nema.

Shinkafa, albasa, tumatir da nama kuwa, sayensu a nan ɓarnar kuɗi ce; Kasuwar Daji da Babbar Kasuwa sun fi sabo da araha. Lokacin zuwa mafi daɗi shi ne hantsi a ranakun aiki. Bayan Magariba, musamman goman ƙarshe na azumi, wurin ajiye mota ma sai ka yi zagaye.