Kafintan da ya gyara mana kwalekwale bana, aikinsa da halinsa

Tunda mutane sun dame ni da tambayar wa ya gyara mana kwalekwalen nan, bari kawai in faɗi yadda muka yi da shi, mai daɗi da mara daɗi, kowa ya zaɓa wa kansa. Sunansa ba zan kama ba, don akwai inda zan ɗan taɓa shi kuma dattijo ne sa'an babana. Rumfarsa dai tana bakin kogin Haɗeja, can ɓangarenmu na Auyo.

Jirgin na gidanmu ne, na katako, ya kai shekara bakwai. Da shi muke kai taki fadama mu kwaso shinkafa in ruwa ya raba mu da gona, ran kasuwa kuma ƙanena yakan ɗan yi fito da shi ya samu na cefane. To laifin farko namu ne wallahi, ruwa na janyewa bara muka ja shi tudu muka kife a fili muka manta da shi. Hunturu ya busar da shi, zafin bazara ya ƙarasa, kafin farkon damina katakon ya tsuke, tsakanin katako da katako sai ka zura ɗan yatsanka ya wuce. Gefen da ya taɓa ƙasa kuma gara ta yi walima.

Ranar da Baba kafintan ya zo gani bai ko amsa gaisuwata da kyau ba. Ya zagaya jirgin sau biyu da 'yar guduma a hannu, yana ƙwanƙwasa ko'ina yana kasa kunne kaman mai zaɓen kankana. Inda katakon yake da lafiya sai ka ji kau kau, inda ya ruɓe sai ka ji wani dum dum kaman ka bugi katifa. Ya zaro wata tsohuwar wuƙa ya soka a gindin jirgin ta baya, wurin da ni da idona nake ganin garau yake, wuƙar ta shige kaman a dafaffen rogo. Ya ɗago ya kalle ni ya ce, ɗan nan da wannan kuke ɗaukar 'ya'yan mutane? Na ce Baba ai bara lafiya lau muka gama da shi. Ya ce bara ta wuce.

Katako uku ya ce sai an canza. Ni na so a sa farin katako mai araha, ya ce in farin katako nake so in nemi wani kafintan, shi ja zai sa, maɗaci in an samu, don farin damina biyu zai yi ya jiƙe ya zama soso. Ƙusa ma ya ce kar in kuskura in sayo baƙa ta rufin ɗaki, sai farar nan da ba ta saurin tsatsa. Muka yi ciniki, kuɗin hannunsa kaɗai ya ɗara na wani yaro da ya yi min tayi a Haɗeja kusan ninki biyu, kuma ko naira ɗari bai rage ba. Na ji haushi a ranar gaskiya, amma na bayar da rabi.

Nan ne matsalar ta fara. Ya ce sati ɗaya, sai da muka kwashe sati uku da kwana biyu. Ka kira waya a kashe, ka je rumfa ka tarar da jirage biyar a jere kowa an ce masa jibi. Ran nan an ce ya tafi ɗaurin aure, ran nan katako bai iso ba, ran nan ƙafa ta matsa masa. Ni kuma hankalina a tashe, don mu na nan ƙasa ba ruwan da ya sauka a garinmu kaɗai muke kallo ba, na sama ne abin ji. In dam ɗin Tiga da na Challawa suka cika ruwa ya gangaro ta Wudil da Ringim, dare ɗaya sai ka wayi gari hanyar gona ta zama kogi, ga ciyawar kachala ta toshe magudanai ruwan bai san inda zai bi ba sai gonakinmu. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san me nake faɗa. Ace wai a irin wannan lokacin jirginka yana kife a rumfar wani.

Amma fa ranar da ya zauna wa aikin, na yini a wurin ban ji yunwa ba. Kowace tsaga sai da ya kankare tsohuwar kwalta tas, sannan ya murza auduga kaman lagwani yana cusawa da bakin kurfi yana bi da guduma a hankali a hankali. Na ce Baba a danna da ƙarfi mana ta cika, ya ce in ka cika ta yanzu, in katako ya sha ruwa ya kumbura ina zai je, sai ya ture ƙusa. Ban taɓa tunanin haka ba. Bayan auduga aka dafa kwalta a rabin duro, warinta har cikin gari, ya bi layi layi yana zubawa da zafinta, sannan ya yanka langa-langa siri siri ya rufe manyan tsagogin ya bi da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa kaman ɗinkin tela. Ciki kuma aka shafe da baƙin mai saboda gara.

Inda bai kyauta ba shi ne bencina. Ya bar wa yaron shagonsa, yaron ya tsinto tsofaffin ƙusoshi ya miƙe su ya buga, alhali ga sababbi na saya da kuɗina. Ina sauran nawa suka tafi, Allah masani. Da na yi magana Baban ya yi wa yaron faɗa a gabana amma ba a canza ba, na tsakiya har yau yana motsi.

Sai maganar iska. Na taɓa gani a waya yadda masunta a manyan ruwaye suke farke buhunan taki su ɗinke su ɗaura a gora, iska tana tura su ba sai sun wahala da tuƙi ba, na ce ya huda min bencin gaba in kafa nawa. Dariya ya yi har da tari. Ya ce jirginka gindinsa shafe yake, ba abin da ya riƙe shi a ƙarƙashin ruwa, in iskar hadari ta taso daga gabas ta cika buhun nan kafin ka ce innalillahi kun kife. Na nace, daga ƙarshe ya yi min ƙarami na buhu biyu, gorar ba ta fi tsayina ba, kuma igiyar ya ce a hannu zan riƙe kar in taɓa ɗaure ta, iska na yin ƙarfi in saki. Na gwada da yamma a faffaɗan wuri, yana tafiya kam in iskar tana bayanka, in ta juyo kuwa sai ka naɗe kayanka ka koma gora da filafili. Abin nishaɗi ne dai, ba na ɗaukar kaya ba.

Ranar sakawa a ruwa muka tara samari, aka jera itace a ƙasa aka gangara da shi da bismillah. Yana shiga ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa, cikina ya ɗuri ruwa na ce shikenan kuɗina. Baban ko a jikinsa, ya ce a cika shi da ruwa ma a bar shi kwana uku. Ranar ta huɗu muka kwashe da yankakkiyar jarka, muka goge, na zauna a ciki wajen awa ɗaya ina kallon ƙasan. Ɗan gumi kawai a wuri ɗaya, shi ma washegari ya ɗauke.

Kafin mu tafi ya ɗauko ragowar jan fenti ya ja layi a jikin jirgin daga waje, ya kira ƙanena ya ce kai ne mai fito ko, to in ruwa ya taɓa layin nan ko uwarka ce a bakin gaɓa ta jira sahu na biyu, kuma in magariba ta yi ka ɗaure jirgi. Ya tuna masa hatsarin Bagwai ta jihar Kano, ƙarshen Nuwamba 2021, jirgin da ya taso daga Badau da yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka yi masa lodi fiye da ƙima ya nutse a dam ɗin Watari. Ƙanena da yake da baki ranar shiru ya yi.

To in za ku kai masa, ku kai tun kafin ruwan farko, kar ku jira sai kowa ya taso. Ku sayi ƙusarku ku ƙirga, kuma ranar da yaron ne zai yi aiki ku tsaya a kansa. Kar ku ba da kuɗi duka a farko. Yau sati shida jirgin yana ruwa, mun kai taki sahu tara, jarkar kwasar ruwan tana nan a ƙarƙashin benci sai in an yi sama muke taɓa ta. Bencin tsakiyan kuma ya ce in kawo bayan an yanke shinkafa, na ce to Baba, sati ɗaya ko? Bai yi dariya ba.