A Ingila fitilar da ta haska tagar maƙwabci tana iya kai mutum kotu

'Yan uwa na Birnin Kebbi da Argungu da Jega, abin da ya fi tsaya mini a rai cikin harkar haɗa fitilun waje a nan Ingila shi ne ganin ma'aikacin ƙaramar hukuma tsaye da tsakar dare a ɗakin kwanan wata dattijuwa, riƙe da na'urar auna haske. Wani mai wurin wankin mota ne ya kafa babbar fitila a kan bango, ta haska filinsa, ta kuma zuba cikin tagarta. Ta kai ƙara. Ba a ce mata ta sayi labule mai kauri ba. Shi aka ba takarda, aka ce ya sunkuyar da kan fitilar ko ya cire ta.

Doka ce ta tsaya mata. Tun 2005 aka sa hasken fitila cikin jerin abubuwan da doka ta ɗauka cutar da maƙwabci ne, layi ɗaya da hayaƙi da ƙara da wari. Idan ma'aikaci ya tabbatar da cutarwa, dole hukuma ta ba mai fitilar takardar umarni. Yana da kwana 21 ya ƙalubalance ta a kotun majistare. Ya yi biris da ita, sai tara.

Amma ainihin aikin tun kafin a kafa fitilar ake yin sa, a wajen neman izinin gini. Manufar tsara gine-gine ta ƙasa da aka fitar a 2012 ta umarci hukumomi su taƙaita gurɓatar haske, a 2014 kuma gwamnati ta fitar da jagora a kan haka. Mai son gina gidan mai ko filin ƙwallo ko wurin ajiye motoci, za a nemi ya kawo taswirar da ta nuna inda kowace fitila za ta tsaya, tsawon sandarta, inda ta fuskanta, da yawan hasken da zai sauka a kan iyakar filinsa. Laks ake kiran ma'aunin, kuma farin wata daren sha huɗu bai kai rabin laks ɗaya ba. Jagorar ƙungiyar injiniyoyin haske ta nan, wadda hukumomi suka fi dogara da ita, ta ce a unguwar zama cikin gari kada hasken da ke faɗa wa tagar mutum ya wuce laks 10, bayan ƙarfe 11 na dare kuma ya koma 2. A ƙauye 5 ne, sannan 1. Kan fitila kuma kada a ɗaga shi ya wuce digiri 70 daga kallon ƙasa, domin daga nan hasken ya bar ƙasa ya koma idon mutane.

Kada ku ɗauka komai lafiya yake. Takardun suna cin rai: ƙaramin izini ma mako takwas doka ta ba hukuma, sau da yawa kuma ya zarce, ga kuɗin mai zana taswira. Dokar cutarwar ta tsame filayen jirgin sama, tashoshin jirgin ƙasa da na bas, da gidajen yari, fitilun titi ma galibi ba ta kama su. Kuma an makara. Wanda ya ɗaga kai a Landan zai ga sama ta yi fari-fari kamar an watsa toka, taurarin ana ƙirga su da yatsa. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna kashi 60 cikin 100 na mutanen Turai ba sa ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa tsakiyar sama, wanda yaron da ke gadin shinkafa a fadamar Argungu yake kwana ƙarƙashinsa kyauta. Faransa ta fi tsanani: dokarta ta Disamba 2018 ta sa a kashe fitilun cikin ofisoshi sa'a ɗaya bayan an tashi, ta kuma hana yawancin fitilun waje wuce kelbin 3,000 a ma'aunin launin haske, wato su zama masu ɗan ja-ja.

Na san abin da za ku ce: mu da ke neman wuta, ga 'yan bindiga, ina mu ina rage haske? Ba zama cikin duhu nake nufi ba. Fitilar da ke kashe ido ita ce abokiyar ɓarawo. Idon mai gadi yana sabawa da abu mafi haske a gabansa, sai duk abin da ke bayan fitilar ya zama baƙi ƙirin, mai tahowa kuwa yana ganin kowa sarai. Fitila huɗu ƙanana masu kallon ƙasa sun fi ɗaya babba mai kallon fuska.

Dubi yadda muke kafa fitilun sola a gida. Ana sayo irin wadda faranti da batir da ƙwai duk jiki ɗaya ne, mai kafawa ya ɗaga kanta sama wai faranti ya sha rana, sai ƙwan ya koma yana leƙa gidajen mutane ta kan katanga. Ba ya ma buƙatar haka: a Kebbi karkatar da faranti digiri 10 zuwa 15 ya fuskanci kudu ya isa. Bature yana da labule. Mu tsakar gida ba ta da rufi, kuma daga Maris zuwa Mayu nan iyali ke kwana saboda zafi. Mata su shimfiɗa tabarma, fitilar da wani ɗan siyasa ya kafa don a ga aikinsa ta haske su tas har asuba, babu wanda ya tambayi maigidan. Mu da muka san haƙƙin maƙwabci tun a makarantar allo, wannan bai dace da mu ba. Ga shi haske fari fat mai shuɗi-shuɗi muke so, na kelbin 6,500, wanda ya fi korar barci, ya fi tara ƙwari da damina har mai shayi ya rasa inda zai ajiye kofi.

Sannan a bar fitilar da cikakken ƙarfi tun magariba, batir ya ƙare wajen ƙarfe biyu ko uku, daidai lokacin da ake tsoro. Rimot ɗin da ke zuwa cikin kwalin maganin haka ne: cikakken haske na sa'a huɗu, daga nan kashi 30, ta ƙara da kanta in ta ji motsi. Yawanci a aljihun ɗan kwangila rimot ɗin yake tafiya.

Dokar tsara birane ta Najeriya ta 1992 ta riga ta ba hukumomi ikon gindaya sharaɗi a kan izinin gini. Layi uku za a ƙara a takardar gidan mai da ta kwangilar fitilun titi: kan fitila ya kwanta daidai yana kallon ƙasa, launi kada ya wuce kelbin 3,000, a rage ƙarfi bayan sha biyun dare. Sanda mai mita 6 a ba ta tazarar mita 20 zuwa 25 da ta gaba. Wadda ta riga ta tsaya kusa da katangar wani, guntun kwano mai faɗin tafin hannu biyu da aka ɗaure a bayan ƙwan, ta ɓangaren gidan, ya isa ya tare hasken, kuma kowane mai walda a Jega zai yanka shi cikin minti goma.