Wata Tara Ina Aiki da Linzami Mai Ƙwallo a Shagona na Kabuga

Shagona na buga takardu yana nan wajen Kabuga, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Daga safe har bayan isha'i ina gaban kwamfuta: in buga wa ɗalibai furojet, in cike wa masu neman aiki fom a intanet, in tsara katin biki da fastar walimar sauka, wani lokaci kuma in shigar wa 'yan Kantin Kwari lissafinsu a Excel. Na haura shekara goma ina wannan sana'a, kuma duk tsawon lokacin linzamin kwamfuta na gama-gari, wato maus, nake riƙewa, irin wanda ake ja a kan tebur.

Bara, ana cikin rububin buga furojet, wuyan hannuna na dama ya fara yi mini zugi. Tun ina daurewa har abin ya hau kafaɗa. Wata rana na zo ɗaukar buta zan yi alwalar magariba, sai na ji kamar an soka mini allura daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Washegari na je asibiti, aka tura ni wajen masu gashin ƙashi. Jami'ar da ta duba ni ta tambayi yadda nake zama, na kwatanta mata: teburina ƙarami ne, firinta ta ci rabi, kibod ya ci sauran, shi kuwa maus yana can gefe, sai na miƙa hannu na kai gare shi. Ta ce in matso da gwiwar hannuna jikina, in gyara tsayin kujera, in riƙa tashi ina miƙewa, ta kuma koya mini motsa jiki na hannu. Ba ita ta ce in sayi tirakbol ba, wato linzamin nan mai ƙwallo da ake murzawa da yatsa wanda nake aiki da shi yanzu, kuma ina so wannan ya fito fili tun yanzu, don kada wani mai ciwo ya bar zuwa asibiti ya nufi kasuwa.

A wajen wani abokina mai tace finafinai a Zoo Road na fara ganinsa. Na je karɓar wani aiki, na tarar hannunsa a kwance kan wani abu mai kama da bayan kunkuru, hannun ba ya motsi ko kaɗan, amma kibiya tana ta yawo tsakanin sikirin biyu. Babban ɗan yatsansa kaɗai ke murza wata ƙwallo a gefe. Da na ba shi labarin hannuna sai ya buɗe durowa ya ɗauko wani tsoho da ya ajiye, ya ce, "Malam, tafi da wannan. Amma ka yi mini alkawari ba za ka yanke masa hukunci ba sai ya yi sati biyu a hannunka."

Da bai ɗaure ni da wannan alkawari ba, da a rana ta biyu na mayar masa da kayansa. Hannu ya saba da turawa, sai in ga ina ƙoƙarin jan abin gaba ɗaya, shi kuwa yana dafe da tebur, ƙasansa roba ce. In nufi ƙaramin akwatin da zan latsa, kibiya ta zarce shi, in dawo ta sake zarcewa. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne zaɓen rubutu: ka danne maɓallin hagu da manuniya, kana kuma murza ƙwallo da babban yatsa a lokaci guda, yatsu biyu kowanne da aikinsa. Aikin da nake gamawa cikin minti goma sai ya kai ni ashirin, ga ɗaliba a tsaye a kaina tana duba agogo. Ranar raina ya ɓaci sosai. A kwana na huɗu na shiga saitin Windows na rage saurin kibiya, nan take abubuwa suka fara daidaita. Na kuma kunna wani tsari da ke cikin saitin maus mai suna ClickLock, wanda idan ka ɗan danne maɓalli ka saki zai ci gaba da riƙe maka abin da ka kama har sai ka sake latsawa. Wajen kwana goma na lura na buga shafi talatin ban tuna da abin da ke ƙarƙashin hannuna ba.

Yadda yake aiki ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ƙwallon tana zaune a cikin wani gurbi a kan 'yan ƙananan ƙwayoyi guda uku masu santsi, kamar tukunya a kan murhu. A ƙasan gurbin akwai ido mai haske da ke karanta ɗigo-ɗigon da ke jikin ƙwallon, duk inda ta juya ya aika wa kwamfuta. Waɗanda suka riski maus na da, mai ƙwallon roba a ciki, wanda muke buɗewa muna kankare dauɗa da farce, za su gane cewa kamar shi ne aka kifar ya kalli sama. Waɗanda kuma suka riƙe wayar BlackBerry a zamaninta sun san 'yar ƙwallon nan ta tsakiya. Dangi ɗaya ne.

Yaron shagona ya ɗauka sabuwar ƙirƙira ce. Ya ce, "Oga, Turawan nan kullum da abin da za su fito da shi." Sai na gaya masa abin da na karanta, wanda ni ma ya ba ni mamaki: tirakbol ya girmi maus. Wani injiniya mai suna Ralph Benjamin ne ya ƙera shi a Ingila a 1946, don aikin na'urar hango jirage ta sojojin ruwa, kuma da yake sirrin soja ne bai bazu ba. A 1952 injiniyoyi a Kanada suka yi nasu, da wata babbar ƙwallon wasa suka haɗa shi. Shi kuwa maus sai a shekarun 1960 Douglas Engelbart ya samar da shi a Amurka, aka nuna wa jama'a a 1968. Yaron ya yi shiru, can ya ce to me ya sa ƙane ya fi wa suna. Amsar da na iya ba shi ita ce maus ba ya buƙatar koyo, kowa ya ɗora hannu ya tafi.

Da sati biyu suka cika na yanke shawarar sayen nawa. Na zaga Beirut Road, na leƙa Farm Centre. Maus kam ga su nan jibge, mai waya da marar waya, amma da na kwatanta abin da nake nema yawancin masu shago sai su girgiza kai. Wani bawan Allah ya ce zai sa a turo mini daga Computer Village ta Ikeja, kuma ya cika alkawari cikin mako guda. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Da abin da na biya zan iya sayen maus na kullum masu yawa. Na daɗe ina juya kuɗin a raina kafin na tura.

Iri biyu ne manya, kuma ya kamata mai niyyar saye ya san bambancinsu kafin ya fitar da kuɗi. Akwai na babban yatsa, wanda ƙwallonsa ƙarama ce, kusan milimita 34, kamar ɗan lemon tsami, tana gefen hagu. Sauran jikinsa kamar maus ne, da maɓalli biyu da 'yar tayar gungura shafi. Logitech ya yi suna da irin wannan. Akwai kuma na sauran yatsu, mai babbar ƙwallo a tsakiya, wadda a wasu samfuran Kensington ta kai milimita 55, kusan girman ƙwallon sinuka, ana murza ta da yatsu biyu ko uku. Kamfanin Elecom na Japan yana yin duka biyun. Nawa na babban yatsa ne, marar waya, mai cin batir guda ɗaya irin na agogon bango. Bahago ya lura: yawancin na babban yatsa don hannun dama aka ƙera su, mai ƙwallo a tsakiya shi ya fi dacewa da shi.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne kafaɗata. Tunda abin ba ya motsi, na ajiye shi daf da kibod, gwiwar hannuna tana manne da jikina kamar yadda aka umarce ni a asibiti. Tafin hannu yana kwance, wuyan hannu ba ya kaɗawa hagu da dama. Cikin wata guda zugin dare ya ragu ƙwarai, yanzu kuwa sai in yi sati ban ji shi ba. Na gyara kujera, ina kuma yin motsa jikin da aka koya mini, saboda haka yabon na raba shi ne tsakaninsu. Amma na gwada komawa maus na yini biyu lokacin da yarona ya ari tirakbol ɗin, kafin la'asar ta yini na biyu kafaɗar ta fara yi mini magana.

Sai maganar wuri. Faifan da ake ɗora maus a kai na cire shi, inda yake yanzu nan nake ajiye takardun da nake kwafa. A gida ma, lokacin bazara da ɗaki ba ya zaunuwa, nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida da laftof, in ɗora tirakbol a kan cinya ko a kan tabarmar, ya yi aikinsa lafiya lau. Maus a kan tabarma kowa ya san rawar da kibiya take yi. A Excel kuwa, idan lissafi ya yi faɗi, murzawa ɗaya da ƙarfi sai ƙwallon ta ci gaba da juyawa da kanta ta kai ni ƙarshen sikirin, babu ɗaga hannu a dawo da shi baya a sake ja.

Inda Kano take gwada shi shi ne ƙura. Shagona yana bakin titi, ƙofa a buɗe take saboda masu shigowa. Da hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, ga hazo, ga man da muke shafawa a hannu don kada ya faso, su biyun sai su haɗu su zama wata baƙar dauɗa a kan ƙwayoyin nan uku. Alamarta ita ce ƙwallon ta fara cijewa, ka murza kaɗan ta ƙi, ka ƙara ƙarfi ta zabura. Ranar farko da haka ta faru na zaci ya lalace, gabana ya faɗi saboda kuɗin da na zuba. Na kira abokina, ya ce, "Kifa shi, akwai rami a ƙasa, tura ƙwallon da bayan biro." Na tura, ta faɗo tafin hannuna. Na leƙa gurbin, ga dauɗa ta taru a kan kowace ƙwaya kamar ɗan rawani. Na naɗa auduga a tsinken sakace na goge su, na hure idon, na share ƙwallon da gefen rigata na mayar. Ko minti ɗaya ban yi ba ya dawo sabo. Yanzu da hunturu kullum nake yi da safe kafin in kunna kwamfuta, da damina kuwa sau ɗaya a mako ya isa. Na kuma gano cewa idan aka wanke ƙwallon tas da sabulu takan ɗan yi tauri, sai ta sha maiƙon hannu na 'yan mintuna kafin santsinta ya dawo. Dare idan zan rufe shago ina lulluɓe shi da hankici. Na kuma kafa doka: wanda ya ci awara ko gurasa mai ƙuli ya wanke hannu kafin ya taɓa.

Akwai aikin da har yau bai gamsar da ni ba. Idan ina tsara katin biki a CorelDRAW, jan hoto da daidaita rubutu ba matsala. Amma yanke hoton amarya daga bango, inda ake bin gefen mayafi a hankali, babban yatsa ba shi da natsuwar da hannu gaba ɗaya yake da ita. Layin sai ya riƙa fitowa da 'yan kusurwoyi. Don haka tsohon maus ɗina yana nan a durowa, in irin wannan aiki ya zo in jona shi, kwamfuta tana karɓar duka biyun a lokaci guda. Sannan shi ma babban yatsan yana gajiya. Ranar da na yi awa tara ina cike fom, gindin yatsan ya yi tsami har washegari. Nauyin da kafaɗa ta sauke, wani kasonsa a kan yatsan ya sauka, kuma duk wanda ciwonsa dama a babban yatsa yake, ina ganin kada ya kusanci irin nawa, ya nemi mai babbar ƙwallo.

Masu zuwa shago su ma sai an yi haƙuri da su. Wani dattijo ya zo duba sunansa a jerin 'yan fansho, ya ce shi zai duba da kansa. Ya kama abin yana turawa, ya ƙi tafiya. Na ce, "Baba, ƙwallon za ku murza, da wannan yatsan." Ya gwada sau biyu, ya saki ya ce, "Ɗana, duba mini kawai." Tun daga ranar, kwamfutar da baƙi ke amfani da ita na bar mata maus, tawa ce kaɗai mai ƙwallo.

Wanda ke taɓa kwamfuta awa ɗaya a rana, ya duba saƙo ya rufe, ban ga dalilin da zai kashe wannan kuɗi ba. Amma irinmu masu yini a kanta, masu shagon buga takardu, akawu, sakatarori, masu tace bidiyo, musamman mai ƙaramin tebur ko wanda kafaɗarsa ta fara ƙorafi, ina ba shi shawara da zuciya ɗaya ya nemi aro ya gwada sati biyu cur kafin ya saya. Ni dai batir ɗin da ya zo da shi har yanzu shi ne a ciki, wata tara ke nan. Tsohon da abokina ya ara mini ban mayar ba tukuna. Yana hannun yaron shagona, yau kwanansa shida da shi, kuma ɗazu na ga ya shiga saiti da kansa yana rage saurin kibiya.