Zuwa Iskandariya: yini ɗaya ko kwana biyu, jirgin ƙasa ko bas?

Jama'a, duk wanda ya shigo Alƙahira, ko neman magani ne ya kawo shi ko duba yaro a Azhar, sai ka ji yana cewa bari in leƙa Iskandariya in ga teku. To kafin ka ciro kuɗi ga abubuwan da ya kamata ka auna.

Maganar kwana tukuna. Masu shirya yawo za su tallata maka tafiyar yini ɗaya, a ɗauke ka a otal da asuba a dawo da kai bayan isha'i. Tsakanin garuruwan nan kusan kilomita 220 ne, awa uku zuwa awa uku dawowa in hanya ta yi kyau, ka ga awa shida ta tafi a kujerar mota kenan, ɗan abin da ya rage kuma direba na ta duba agogo yana maka yalla yalla. Ni dai ban ga amfaninta ba sai ga wanda bizarsa ta kusa ƙarewa. Garin da aka kafa tun shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ai ba a yi masa kallon tsaitsaye. Ka ware kwana biyu.

Abin hawa kuma, jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ya fi min, akwai esi, ga wurin miƙe ƙafa, kana tafe kana kallon gonaki kore shar ta taga. Sai dai baƙo kuɗin tikitinsa daban ne da na ɗan ƙasa, ya fi tsada sosai, ka riƙe fasfo a hannu. Bas irin su Go Bus ya fi sauƙin kuɗi amma go-slow ɗin fita Alƙahira kaɗai sai ya cinye maka lokaci. In jirgin ka hau ka lura, tasha biyu ce a garin: Sidi Gabir ake fara tsayawa, Mahaɗɗat Misr ce ta ƙarshe kuma ita ce a tsakiyar tsohon gari.

Masauki nan ne mutane ke yin kuskure. Garin a miƙe yake dogo bisa gaɓar teku, in ka kama ɗaki can gabas wajen Muntaza za ka samu lambu da iska da natsuwa, ya dace da mai iyali da yara, amma kullum sai ka biya tasi mai nisa kafin ka zo inda tarihin yake. Wajen unguwannin Raml ko Manshiyya da ke tsakiyar gari kuwa gine-ginen tsofaffi ne, wani lifta ɗin ma sai a hankali, ga hon ɗin motoci har tsakar dare, amma da ƙafa za ka bi bakin teku har masallacin Abul Abbas al-Mursi, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali. Dab da shi kuma ga masallacin Imam Busiri mai Alburda inda kabarinsa yake, wallahi duk wanda ya taso yana jin ana rera ta a makarantar dare ko wajen Maulidi, in ya ɗaga kai ya ga baitocin a jikin bango sai jikinsa ya yi sanyi. Gaba kaɗan sai ganuwar Ƙaitbai da aka fara ginawa a 1477 a daidai inda tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa take a da, igiyar ruwa na dukan duwatsun tana fesa maka gishiri a fuska. Saboda wannan kaɗai ni Raml nake zaɓa. Babban laburaren nan da aka buɗe a 2002 shi ma ba nisa.

Kifi a unguwar Bahari da kilo ake sayarwa, kai za ka nuna wanda kake so, ka tabbatar an auna a gabanka an faɗi kuɗin har da na gashi kafin a ɗora a wuta.

Lokaci kuma, Yuli da Agusta mutanen Alƙahira ne ke kwararowa hutu, ɗaki ya yi tsada bakin teku ba masaka tsinke. Disamba da Janairu ruwan sama da iska mai sanyi, in za ka je to da rigar sanyi mai kauri. Afrilu ko Oktoba ya fi, kuma ka kama ɗakin tun kafin ka baro Alƙahira.